Sai Masani Ya Sa Hannu

Likitar ta juyo wa Malama allon na'urar ɗaukar hoton ciki, ta ɗora bakin biro a kan wani dunƙule mai duhu.

"Kin gan shi nan. Ƙari ne a mahaifa. Ga wani a bayansa, ga ƙannensu nan sun yi layi. Su suke shanye miki jini. Magani ya yi iya yinsa, saura aiki. Kuma yadda suka mamaye wurin nan, mahaifar ce gaba ɗaya za mu cire."

Malama ba ta yi kuka ba. Ta daɗe da sanin nan za a zo. Ita ce fa take tsayawa gaban aji tana koyar da labarin ƙasa, tana jin abu yana bin cinyarta, tana roƙon Allah a kaɗa ƙararrawa kafin wani ya lura. 'Ya'yanta biyu mata sun tasa, ita kuma ta ba arba'in baya. Ta ce, "To likita, a yi. Yaushe?"

"Da zarar maigida ya sa hannu."

"Ai ni na yarda. Ba ni in sa."

"Naki ma muna so. Amma dokar aure ta ce duk aikin da zai hana matar aure haihuwa, sai da izinin miji a rubuce. In na taɓa ki babu shi, aikina zan rasa. Me maigidan yake yi?"

Malama ta faɗa mata. Likitar ta saki baki, ta tafa hannu.

"Masani? Na rediyo? Haba, ke ai kin huta! Ni da nake fama da mazan da ba su san bambancin mahaifa da hanji ba. Gobe ma ki dawo min da takardar."

Masani ba sunansa ba ne. Gidan rediyo ne ya laƙaba masa, don duk mako sai mai gabatar da shiri ya ce, "Yau ma muna tare da masanin dokar iyali," har sunan ya biyo shi gida. Lauya ne, kuma yana cikin kwamitin da gwamnati ta kafa don daidaita dokar auren ƙasar da yarjejeniyar duniya ta kawar da wariya ga mata. Kwamitin ya girmi ƙaramar 'yarsu. Abin da ya haifar zuwa yanzu jakunkuna ne. Duk taron da Masani ya je sai ya dawo da jakar yadi mai hoton mace ta ɗaga hannu sama, an rubuta Daidaito Yanzu. Da su Malama take zuwa cefane. A cikin ɗaya take ajiye albasa.

Ta bari sai da ya ci ya ƙoshi, sannan ta ajiye masa takardar kusa da kofin shayinsa. Ya ɗora tabarau ya karanta. Kafin ya kai ƙarshe ya buga tebur, cokali ya yi tsalle.

"Kin gani ko? Kin ga abin da nake faɗa? Sashen nan ne fa! Mace baliga, mai hankali, mai ilimi, a ce sai wani ƙato ya ba ta izini kafin a yi mata magani! Wallahi abin kunya ne. Saboda layin nan kanmu yake ƙasa a gaban duniya."

Sanyi ya ratsa zuciyar Malama. Ta miƙa masa biro. Ya dubi biron kamar kunama ta miƙo masa.

"In yi me da shi?"

"Ka sa hannu mana, Abban yara."

"Ni?" Ya cire tabarau. "Kin san abin da kike cewa kuwa? In na sa hannu a nan, na yarda kenan ina da iko da jikinki. Ni da na tsaya gaban manyan duniya na ce miji ba shi da wannan hurumin! Gobe takardar nan ta faɗa hannun 'yan jarida, su ce ga Masani yana ba da izinin matarsa kamar mai ba da aron keke. A'a. Aƙidata ba za ta bar ni ba. Jikinki naki ne."

"To ai asibiti ba su san nawa ba ne."

"Shi ya sa muke gwagwarmaya."

"Ba kai ka ce ƙasar nan ta sa hannu a yarjejeniyar ba? Har liyafa kuka yi."

"Ta sa, amma da togaciya." Ya gyara zama, muryar rediyo ta sauko masa. "Wato mun amince da komai: mace ta yi zaɓe, ta yi karatu, ta tuƙa jirgin sama in ta ga dama. Sashe ɗaya kawai muka ce a ɗaga mana ƙafa, wanda ya shafi aure da zaman iyali."

"Wato daidai muke da ku har zuwa bakin ƙofar gida."

"Kin ga, da kina zuwa taronmu da kin ba da gudummawa," in ji shi. Ya ninke takardar, ya ce a ƙaro masa ruwan zafi.

Da ta sake tayar da maganar bayan kwana biyu, sai ya ce ai ba a yanke hukunci da bakin likita ɗaya. Ya kira wani abokinsa a waya, ya sa ta a fili don ta ji. Abokin ya yi tambayoyi cikin natsuwa, ya ce likitocin yanzu sun cika son wuƙa, ta dage da cin ganye da hanta. Sai bayan an kashe wayar Malama ta tuna mutumin. Likitan haƙori ne.

Ta ci ganyen. Ta ci hantar har warinta ya fara tayar mata da zuciya. Jinin bai san an yi shawara ba. Leɓɓanta suka yi fari, tafin hannunta ya koma kamar takarda. Ta shiga tauna ƙanƙara, abin da ba ta taɓa sha'awa ba, har yara suna yi mata dariya suna cewa Mama ta zama injin niƙa. Matakalar gidan, wadda a da take hawa da bokitin wanki a hannu, yanzu sai ta zauna a tsakiya ta jira zuciyarta ta daina bugun ƙirji.

Wata ranar hutu surukarta ta zo da galan na wani baƙin jiƙo. Ta zauna a kujerar ɗanta, ta ƙare wa Malama kallo.

"An ce min wai za ki je a kwashe miki kayan ciki."

"Ciwo ne, Mama. Likita ta ce..."

"Gidan nan fa babu ɗa namiji. Yaron nan shi kaɗai ne namiji a wurin ubansa. In aka cire, sunan gidan ya tsaya a kan wa?"

"Mama, rabona da haihuwa an daɗe. Likita ta ce ko an bar ta ba abin da zai zauna a ciki."

"Likitar ce take ba da haihuwa? Ni da na haifi autata ina goyon jika? Ku yaran yanzu jini kaɗan sai ku ce mutuwa. Mu da shi muka yi surfe, muka yi wanki, ba wanda ya ji bakinmu. Ki sha wannan safe da yamma, kar ki toshe hanci."

Bayan ta tafi, Malama ta sami Masani yana gyaran jawabi a kwamfuta. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta riƙe ƙyaure don kar ta faɗi.

"Ɗa namiji kake jira?"

Ya juyo kamar an mare shi. "Ni? Ni za ki yi wa wannan tambayar? Shiri guda na yi a kan cewa ɗa da 'ya duk ɗaya ne, har maimaita shi aka yi. Amma kin san Mama, tsohuwa ce, ga hawan jini. In ta ji na sa hannu, Allah kaɗai ya san abin da zai faru. Sauyi ba a yin sa da gaggawa. Sai an wayar da kai. Ki ba ni lokaci in wayar mata da kai."

Wayar da kan Mama ya ci watanni. Duk ziyarar da ya kai mata sai ya dawo da sabon galan.

Ranar da abin ya fallasa, Malama tana rubutu a allo, ta juya wa aji baya. Sai ta ji ajin ya yi tsit, irin shirun da yara ba sa yi sai da dalili. Wani a layin baya ya ƙyalƙyale da dariya, aka zungure shi. Ta shafa bayan rigarta, ta dubi hannunta. Mayafinta yana can ofishin malamai. Ta ciro taswirar duniya daga ƙusa, ta kare bayanta da ita, ta fita tana bin bango, ta ratsa farfajiyar makaranta gaba ɗaya a haka.

Shugaban makaranta ya tausaya mata ƙwarai. Ya ce shi ma ƙanwarsa ta yi irin wannan. Sannan ya ce iyaye sun fara magana, kuma ajin jarrabawa ne, gara ta zauna a gida har ta warke, an samo wanda zai riƙe mata. Da ta kai ƙofa ya ƙara da cewa, "Ki gaishe min da Masani. Wallahi ba na rasa shirinsa. Ke dai kin yi dacen miji."

Ƙanwarta, wadda kowa yake kira Auta, ita ce ta ƙi yarda da zancen haƙuri. Tana da shagon sayar da wayoyi da wata ƙaramar mota mai tari, kuma bakinta ba ya ajiya. Ta ɗauki Malama suka tafi wurin babban wansu.

Yaya ya saurara yana kaɗa ƙafa. Ya ce, "Ko na sa hannu ba za su karɓa ba. Tun ranar da kika yi aure doka ta ɗauke ki daga hannunmu ta damƙa masa. Kuma mutumin nan ya fi mu sanin doka. In ya ce a jira, akwai abin da ya hango."

"Kabari ya hango, Yaya," in ji Auta.

"Ke rufe min baki! Wannan bakin ne ya hana ki aure."

"Alhamdu lillahi. Da ni ce da ciwon nan, da tuni an yi min aiki, don ni doka ta yarda ina da hankali. Ita kuwa ranar aurenta aka karɓe nata."

A mota Auta ta ce, "Yaya Malama, kawo takardar nan in sa masa hannu. Wa zai sani?"

"Kowa," in ji Malama. "Shi ya yi wa ma'aikatan asibitin bita a kan haƙƙin mata. Sa hannunsa yana rataye a bangon kowane ofis, cikin gilashi."

To sai kotu. Doka dai ba ta rufe ƙofa ba: ta ce matar da mijinta ya ƙi ba ta izini tana iya roƙon alƙali ya ba ta. Suka yi zaman benci tun safe har rana ta take, Malama ta jingina da kafaɗar ƙanwarta. Da layi ya zo kansu, ma'aikacin rajista ya ɗago kai.

"Ya ce miki ya ƙi?"

"A'a. Cewa ya yi jikina nawa ne."

"To ai bai ƙi ba kenan, Hajiya. Sashen nan na wadda aka ƙi ba wa ne. Ki koma ya rubuta miki cewa ya ƙi, ya sa hannu, ki kawo mana. Na gaba!"

Auta ta zage shi tas, har ɗan sanda ya rako su waje. Zagin bai ƙara wa Malama ko ɗigon jini ba.

Ana haka tafiya ta taso wa Masani. Zai bi tawagar gwamnati zuwa ƙasar waje, su gabatar da rahoton irin ci gaban da aka samu a kan daidaiton mata. Malama ta goge masa kaya a zaune, tana yi tana hutawa. Da safen tafiyar direba yana jira a waje, ta tare shi a falo da takardar da biro.

"Abban yara, don girman Allah. Jiya a banɗaki na ga duhu. Ina jin tsoro."

Ya dubi agogo, ya sassauta murya. "Ki ƙara haƙuri kaɗan. Daftarin gyaran yana gaban majalisa, ana gab da shi. Ki yi tunani mana: mace ta farko a ƙasar nan da aka yi wa aiki da sa hannunta ita kaɗai, kuma matar Masani! Tarihi ne fa."

"Ni ba tarihi nake so ba. So nake in ga auren yaran nan."

Ta durƙusa, abin da ba ta taɓa yi masa ba tunda suke. Ya zabura, ya leƙa taga.

"Tashi, tashi! Kar direba ya gani. A gidana mace ba ta durƙusa wa namiji."

Ya ɗaga ta, ya zaunar da ita a kujera, ya ce in ya dawo shi ne abu na farko. Ya ja akwatinsa.

Bai yi mako da tafiya ba, Malama tana shanya a bayan gida da tsakar rana, ta ɗaga hannu za ta rataya zanen gado, igiyar ta rabu biyu a idonta. Babbar 'yarta ce ta same ta kwance, zanen ya rufe mata rabin fuska, ƙasan wurin ya jiƙe ba da ruwan wanki ba. Yarinyar ta kurma ihu, ta kira Auta.

Da Malama ta farfaɗo, fanka ta fara gani tana juyawa a sama. Ga roba a hannunta, ga nauyi a mararta kamar an ɗora dutse. Wata nas tana gyara mata ledar jini.

"Sannu. Kin ba mu tsoro. An yi, an gama."

Malama ta motsa busassun leɓɓanta. "Ya sa hannu?"

"Wa? Ai ba a nemi kowa ba. Doka ta ce in mace ta kai bakin mutuwa, ba ta san inda kanta yake ba, likita ya ceci rai kawai."

Malama ta mayar da idonta kan fankar. Ashe duk watannin nan laifinta ɗaya ne, tana cikin hayyacinta. Dariya ta taso mata, ɗinkin ya ja, dariyar ta koma hawaye. Da likitar ta zagayo, ba ta iya haɗa ido da ita sosai ba. Ta ce aikin ya yi kyau, sai dai zuciya ta wahala da daɗewar da ta yi tana aiki babu jini. Akwai ƙwayoyin da za ta riƙa sha, wataƙila har iya rayuwa. Tsayuwa mai tsawo kuma ta ƙare.

Surukarta ta zo dubiya. Ta zauna a bakin gado, ta ce, "An dai cuci ɗana," ta ɓare lemon da aka kawo wa mara lafiya ta shanye.

Masani ya iso daga filin jirgi kai tsaye, da furanni a hannu ɗaya, sabuwar jaka a ɗayan. Tun daga baranda aka ji muryarsa.

"Da izinin wa? Na ce da izinin wa aka taɓa min mata?"

Masu jinya suka leƙo daga ɗakuna. Wata tsohuwa ta ce, "Lah, muryar mutumin rediyo!" Masani ya waiga ya ga idanu. Ya gyara wuyan riga, ya yi gyaran murya.

"Ina nufin, da izinin wa aka bar ta har ta kai wannan halin? Wannan ai gazawar tsari ce."

Ya zauna kusa da ita, ya riƙe mata hannu, ya ce bai yi barci ba tunda ya ji. Ya ce rahotonsu ya samu karɓuwa, an yi musu tafi. Sannan ya rage murya. Tawagar kwamitin yarjejeniyar za ta zo ƙasar ganin ido a ƙarshen mako, kuma ya riga ya gayyace su cin abincin rana a gida. Shugabar tawagar ta matsu ta ga matarsa.

Likitar ta ce sam, mara lafiya tana buƙatar ƙarin kwanaki. In kuma dole ne a sallame ta kafin lokaci, sai miji ya sa hannu ya ɗauki nauyi. Masani ya ari biron nas, ya danna takardar sallamar a jikin bango, ya sa hannu a tsaye, har da 'yar wutsiyar da yake ja a ƙarshe. Aƙida ba ta ce uffan ba.

"Ba abin da za ki yi," ya ce mata a mota. "Daga otal za a kawo abinci. Zama kawai za ki yi, ki yi murmushi."

Ranar kuwa, da yake ba wanda ya san inda faranta baƙi suke, ko inda aka ajiye manyan cokula, ko yadda ake kunna murhun da ke gardama, Malama ta yi safiyar a kicin, hannu ɗaya a kan ɗinki, ɗaya yana nuni. Da baƙi suka iso aka zaunar da ita kusa da shugabar tawagar, wata dattijuwa mai furfura da tabarau a rataye a wuya.

"Ga uwargidana," in ji Masani da harshen baƙin. "Malamar makaranta, mace mai cin gashin kanta. A gidan nan ba mu san wani abu wai shi izini ba."

Dattijuwar ta dubi Malama da kyau, ta tambaya ko lafiya, ta ga kamar ba ta jin daɗi. Masani ya buɗe baki zai amsa mata. Malama ta riga shi. Da harshen nan ta yi karatu, da shi take koyarwa, ba ta buƙatar tafinta.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta faɗi abin da likita ta ce, da abin da doka ta ce, da abin da mijinta ya ce. Ta faɗi ranar da ta bar aji. Ta faɗi amsar da aka ba ta a kotu. Ta faɗi yadda 'yarta ta tsince ta a ƙarƙashin igiyar shanya. Cokula suka tsaya. Wani saurayi a cikin tawagar ya ajiye cinyar kazar da ya ɗauka. Masani yana ta murza kofin ruwa a tafin hannu.

Idanun dattijuwar suka ciko. Ta kama hannun Malama da hannu biyu. Ta ce wannan abu ya saɓa wa yarjejeniya ƙarara, kuma ta yi alkawari kwamitinsu zai bayyana matuƙar damuwarsa a rahoto na gaba.

"Yaushe kenan?" in ji Malama.

"Ƙasarku za ta sake zuwa gabanmu nan da 'yan shekaru. Za mu tambaye su da kakkausar murya."

"In sun ƙi fa?"

"Sai mu sake bayyana damuwa," in ji dattijuwar a hankali, ita ma kamar kunya ta kama ta.

A nan Masani ya miƙe tsaye. Ya cire tabarau ya goge ido.

"Kun ji da kunnenku," in ji shi. "Ban so ta faɗa ba, don abin yana min ciwo. Dokar nan ba ta ƙyale ko gidana ba. An sa ni a tsakiya, in zaɓi aƙidata ko matata. Wane irin zalunci ne ya fi wannan? Ni ma wanda aka zalunta ne. Shi ya sa ba zan huta ba."

Wani ya fara tafi, saura suka bi don kar a bar shi shi kaɗai. Aka ɗauki hoto, Masani ya dafa kafaɗar Malama.

Da ya raka baƙi wurin motocinsu, sai ga motar Auta a bayansu tana tari. Malama ta fito a hankali, 'ya'yanta suna riƙe da ita hagu da dama, ƙaramar da ledar magunguna. Faranta suna nan a kan tebur yadda aka bar su.

Masani ya matso da sauri, ya yi magana ta cikin haƙora. "Ina za ki? Kin san dai doka ta ce mace ba ta barin gidan miji sai da..."

Bai ƙarasa ba. Gilashin motar dattijuwar a sauke yake, tana kallonsu. Ya saki fuska, ya buɗe wa Malama ƙofar mota da kansa, ya tsaya yana ɗaga mata hannu kamar shi ya aike ta.

Ba ta koma ba. Masani ya gaya wa mutane ta je hutawa wurin 'yan'uwa. Doka ta ba shi 'ya'yan, amma bai zo ɗaukarsu ba, don yara suna cin abinci da safe kuma wani ne yake dafawa. Ƙarar rabuwar da ta shigar tana nan ana ɗagawa, duk ranar zama sai a ce lauyan wanda ake ƙara, wato shi kansa, yana wurin taro. Makaranta ta mayar da ita, an ba ta kujera a gaban aji, daga zaune take koyarwa da doguwar sanda.

Gyaran dokar kuwa ya fito daga majalisa a ƙarshe. Wata safiya suna shirin fita, rediyon Auta yana kan firji, suka ji muryar da suka sani. Yanzu shi ne shugaban kwamiti. Yana cewa yau rana ce ta tarihi, an goge kalmar nan ta ƙasƙanci daga dokar aure har abada. Daga yau ba a neman izinin miji kafin a yi wa mace aiki. Abin da za a nema kawai shi ne fahimtar miji, a rubuce.

Ƙaramar 'yar tana ɗaura igiyar takalmi, ta ɗago kai.

"Mama, mene ne bambancin izini da fahimta?"

Malama ta haɗiye ƙwayar zuciyarta, ta kora da ruwa.

"Izini, kina jira ya ce e. Fahimta, kina jira ya gane tukuna, sannan ya ce e. Ɗauko jakarki, mun makara."